Kwal, gawayi, itace ko gas: wanne ya dace da wutar sana'arka a Zariya?

Wani ƙanena da ke da gidan burodi a Tudun Wada ya same ni bayan La'asar da wata 'yar leda, ya zazzage ta a gabana. Baƙaƙen duwatsu ne masu ɗan sheƙi, sun fi gawayin da muka sani nauyi a hannu. Ya ce, "Yaya, wani direban tirela ne ya kawo mini daga Kogi. Wai in na karɓi mota guda, na huta da sayen itace har damina. Me ka gani?"

Kwal ne, gawayin da ake haƙowa daga ƙasa. Tambayar kuma ba tasa ba ce shi kaɗai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau kan komai, duk wanda abincinsa ke kan wuta ya koma lissafi: mai burodi, mai tuwo-tuwo a Kwangila, mai tsire, maƙeri, mai zubin tukwane, mai dafa wa 'yan makarantar kwana. Abin da na gaya masa shi ne na faɗaɗa a nan.

Abin da za a duba kafin a taya

Na farko, kuma wanda aka fi yin tuntuɓe da shi: ba zafin da ke cikin buhu kake saye ba, zafin da ya isa gindin tukunya kake saye. Murhun duwatsu uku yakan bar kusan kashi tara cikin goma na zafin itace ya bi iska. Saboda haka arhar kilo ba ta nuna arhar girki.

Na biyu, kuɗin kawo shi ƙofar shago, da kuma ko za ka same shi a watan Agusta kamar yadda ka same shi a Janairu. Na uku, murhun da yake buƙata, domin sauya makamashi sau da yawa sauya murhu ne. Na huɗu, yadda yake jure ajiya. Na biyar, hayaƙi: ina yake zuwa, wa ke shaƙarsa, kuma yana taɓa abin da mutane za su ci ko kuwa? Wannan na ƙarshen shi kaɗai ya isa ya fitar da wani makamashi daga lissafi, ko da kyauta aka ba ka.

Kwal

Kwal ba baƙo ba ne a Zariya, mantawa da shi aka yi. An gano shi a Udi, kusa da Enugu, a 1909, kuma saboda shi aka ja layin dogo daga Fatakwal zuwa Enugu, wanda aka gama a 1916. Jiragen ƙasa masu tururi da suka riƙa tsayawa a tashar Sabon Gari, masu zuwa Kano da masu bin layin Gusau da Ƙaura Namoda, da shi ake hura cikinsu. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙa ya kai kusan tan dubu 900 a shekara. Daga nan jirgi ya koma dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da ramukan Enugu, madatsar Kainji da gas suka karɓe lantarki. Mutane da yawa yanzu ba su san Enugu da kwal ba sai ta tarihin harbin mahaƙa 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka yi a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949.

A duniya kuwa har yau shi ne jigo. Kusan kashi ɗaya bisa uku na lantarkin duniya daga kwal yake, Sin ita kaɗai tana ƙona fiye da rabin wanda ake ƙonawa, Afirka ta Kudu kuma yawancin wutarta daga shi take samu. Ko a maƙwabtanmu Nijar, kamfanin SONICHAR na haƙarsa a yankin Agadas yana samar da lantarki ga garuruwan yuraniyom. Ingila, wadda ta gina masana'antunta a kansa, ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal a ƙarshen Satumban 2024. A Najeriya manyan masu sayensa yau kamfanonin siminti ne. Ashaka na ɗibar na Maiganga a jihar Gombe, akwai kuma na Okaba a Kogi da na Owukpa a Binuwai.

Ka lura da waɗanda na lissafa: jirgi, tashar lantarki, siminti. Dukansu babbar wuta ce da ba ta mutuwa dare da rana, mai dogon bututun hayaƙi. Tandar siminti tana neman zafin da ya kai digiri 1,450, tokar kwal ɗin ma shigewa take cikin simintin, ba asara. Nan kwal yake da ƙarfi. Da zarar ka sauko da shi zuwa ƙaramar wuta, kyawunsa ya fara raguwa.

Kwal hawa-hawa ne. Akwai mai ruwan ƙasa mai laushi da danshi, akwai matsakaici, akwai baƙi mai kyau da ake gasawa a narka ƙarfe da shi, akwai mai tauri mai ƙarancin hayaƙi. Yawancin namu matsakaici ne. Zafinsa a kilo ya ɗara na itace, amma bai kai na gawayi mai kyau ba, abin da direban tirela bai gaya wa ƙanena ba ke nan. Nauyinsa ne ke ruɗar mutum: buhun kwal ya fi buhun gawayi kilo nesa ba kusa ba, sai a ga kamar an ci riba.

Farashinsa a bakin rami ƙasa yake sosai. Amma babu ramin kwal kusa da Zariya, ɗaruruwan kilomita ne ko ta Kogi ko ta Gombe, kuma jirgin da ya saba ɗauko shi ba ya wannan aikin yanzu. Dizal ɗin tirela da kuɗin hanya kai za ka biya. Ba a kuma auna shi a kwano a kasuwar Sabon Gari, sai dai mota guda, wato ka daskarar da jarinka a tsibin baƙin dutse. In direban ya daina zuwa fa? Ga kuma batun takarda: ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya suke a ƙarƙashin dokar 2007, don haka ka tambayi mai sayar maka lasisinsa kafin kaya su taso.

Kunna shi aiki ne. Ƙirare da leda ba sa kama shi, sai an fara haɗa wutar itace mai ƙarfi, sannan yana son raga ta ƙarfe a ƙasa da iska mai shigowa ta ƙarƙashi. A kurfoti na gida yakan yi ta hayaƙi ya mutu. In ya kama kuwa yana daɗewa, zafinsa kuma yana cin siririn ƙarfe. Ajiyarsa ma ba ta zuba-ka-manta ba ce. Irin namu in ya sha rana da ruwa yakan farfashe ya zama gari, babban tsibinsa kuma yana iya ɗaukar zafi daga ciki har ya kama wuta da kansa. A shimfiɗa shi ƙasa-ƙasa, nesa da bango da buhunan fulawa.

Babban aibinsa hayaƙi. Ɗanyen kwal yana fitar da kwalta da warin farar wuta, ko da namu ba shi da farar wuta da yawa idan aka kwatanta da na wasu ƙasashe. A Disamban 1952 hayaƙin kwal ya rufe Landan na 'yan kwanaki, ya kashe aƙalla mutum 4,000. A gundumar Xuanwei ta Sin an daɗe da gano yawan ciwon dajin huhu a tsakanin mata masu girki da kwal mai hayaƙi a cikin ɗaki, matan da ba su taɓa shan taba ba. Babban birnin Mongoliya ya hana ƙona ɗanyen kwal a gidaje a 2019. A Nijar ma wanda ake sayar wa gidaje sai an gasa shi tukuna, an fitar da hayaƙin. In wanda aka kawo maka ɗanye ne daga rami, to ba abin girki ba ne.

Gawayi

Gawayi itace ne da aka riga aka kore wa ruwa da hayaƙi a daji, shi ya sa kilonsa ya kusa ninka na itace zafi. Ana samunsa a kowace unguwa, daga ƙulli zuwa buhu, murhunsa kuma kowane mai walda zai haɗa maka. Ba ya ruɓewa, ƙwaro ba ya cinsa, in dai ruwa bai taɓa shi ba zai shekara.

Inda ake cutar mai saye shi ne a buhu. Sama manya, tsakiya gari da ƙasa, wani lokacin har da wanda bai gama ƙonuwa ba, mai hayaƙi kamar ɗanyen itace. Gawayi mai kyau yana da nauyi daidai girmansa, in ka buga biyu sukan yi ƙara kamar ƙarfe. Maƙeran gargajiya ba a banza suke neman na ƙirya ba: yana jure zuga-zugi, ba ya saurin zama toka. Farashi yakan tashi da damina, lokacin da ƙonawa ke wuya, hanyoyin daji kuma suka lalace, sannan rashin tsaro a dazuzzukan da ake ɗauko shi ya ƙara masa kuɗi.

Haɗarinsa ba ya wari, ba a ganinsa. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba, kabon monoksaid, wadda ke sa ciwon kai da barci, mutum ya wuce daga nan. Da sanyin hunturun Zariya, lokacin da ake shiga da kaskon wuta ɗaki a toshe taga, nan ne abin ke faruwa. Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin buhu: a ƙonawar gargajiya sai an ci kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi.

Itace

Kowa ya san shi, ba sai na ja ba. Shi ne mafi arha ga mai babbar tukunya da fili a waje, murhunsa kyauta ne. Amma ɗanye ko jiƙaƙƙe yakan kashe wani kaso na ƙarfinsa wajen busar da kansa, gara tana cinsa a ajiya, yana cin wuri, hayaƙinsa kuma idon mai girki da ƙirjinta ne ke biya. Abin da ya fi sauya lissafin itace gyaran murhu ne. Murhun laka ko na bulo da ya rungume tukunya, mai ƙofa ɗaya da bututu, yana rage cin itace sosai. Marke da ƙirya busassu sun fi tarkacen itace mai laushi ko da sun fi tsada.

A wannan layin zan sa ɓuntun shinkafa, garin katako da totuwar masara. A ƙasar masara irin ta Giwa da Soba, totuwa bayan kaka kusan kyauta ce, masu gyaran shinkafa kuma sun daɗe da sanin ɓuntu yana tafasa ruwa. Murhu na musamman suke so, shi ke nan.

Gas

Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da zafin da ya kusa ninka na itace sau uku, fiye da rabinsa kuma yana isa tukunya. Ka murɗa ya kama, ka murɗa ya mutu, ba a biyan kuɗin wutar da ke ci bayan an sauke. Tukwane ba sa baƙi, ba toka. Ga mai shayi ko mai abincin da ke dafa kaɗan-kaɗan duk yini, wannan murɗawar ita ce ribar.

Nauyinsa a farko yake: tukunyar gas, kan murhu, tiyo da ragileta. Farashinsa kuma yana bin dala da kasuwar waje, yana iya tsalle cikin mako guda. Kada a haɗa shi da bututun AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Wancan gas ne na masana'antu da tashoshin lantarki, ba wanda ake ɗurawa a tukunya ba.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa yana jiran tartsatsi. Tukunya a waje ko inda iska ke ratsawa, a tsaye, nesa da murhun gawayi. A gwada mahaɗa da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Tiyon da ya fara tsagewa a yar, tukunyar da tsatsa ta ci gindinta kuma ba abin saye ba ce komai arharta.

Lantarki

A takarda shi ne mafi tsabta. A aikace, mai burodin da wuta ta ɗauke masa burodi na ciki ya san sauran labarin. Tun Afrilun 2024 da aka kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 ko fiye a rana, lantarki ya zama na injin kwaɓa fulawa da fanka mai hura wuta, ba na samar da zafin kansa ba. Dafa abu da janareta kuwa ƙona kuɗi ne sau biyu.

A teburi

Alƙaluman nan na ƙiyasi ne, suna sauyawa da ingancin kaya da irin murhu. Megajul ma'aunin zafi ne.

| Makamashi | Zafi a kilo (megajul) | Kason da ke isa tukunya | Daidai da kilo 1 na gas | Ajiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Itace busasshe | 15 zuwa 17 | 10 zuwa 15 cikin 100 a duwatsu uku | kilo 12 zuwa 13 | gara, ruwa | hayaƙi |
| Gawayi | 28 zuwa 30 | 20 zuwa 30 | kilo 3 da rabi | yana daɗewa in ya bushe | iskar guba a ɗaki |
| Kwal matsakaici | 19 zuwa 25 | 20 zuwa 30 a murhu mai raga | kilo 4 da rabi | farfashewa, kama wuta a tsibi | hayaƙi mai guba |
| Gas | kusan 46 | 50 zuwa 60 | kilo 1 | ba ya lalacewa | zuba da fashewa |
| Lantarki | 3.6 a yunit | 70 ko fiye | yunit 10 | ba a ajiye shi | ɗaukewa |

Ban sa farashi ba da gangan, don na yau ba zai kai jibi ba. Layin da aka rubuta "Daidai da kilo 1 na gas" a samansa shi ne abin aiki. Ka tambayi kuɗin kilon gas yau, ka raba shi uku da rabi. In kilon gawayi ya fi abin da ya fito, gas ya fi maka arha. Misali, a ce gas naira 1,200 ne kilo, to gawayin da ya haura naira 340 a kilo ya riga ya fi shi tsada. Tukunyar gas mai kilo 12.5 tana tsayawa a madadin gawayi kilo 44 ko kusa da haka. Sai dai lissafin ba zai yiwu ba sai ka ɗora buhun a sikeli, ka kuma cire nauyin garin da ke ƙasa. Yawancinmu ba mu taɓa auna buhun gawayi ba, da ido muke saye. Kwal kuwa a raba kuɗin gas huɗu da rabi, a gwada da kuɗin kilonsa bayan an sauke a ƙofarka, da ladan 'yan dako da kuɗin sabon murhu.

Wa ya dace da me

Girkin gida da ƙaramin shagon abinci: gas in ana iya sayen tukunya, gawayi a gefe don wake, ganda da duk abin da ke daɗewa a wuta. Ɗanyen kwal kada ya shiga gida ko kaɗan.

Mai tsire, balangu, gasasshen kifi ko masara: gawayi ko itace mai kyau. Nama a kan hayaƙin yake zaune, kwal zai sa masa wari da guba.

Makarantar kwana, gidan biki, masu manyan tukwane: itace busasshe a ginannen murhu mai bututu. Kuɗin da za a kashe wajen neman sabon makamashi, a fara kashe shi a ginin murhu.

Maƙeri: gawayin ƙirya har yanzu. Farar wutar da ke cikin ɗanyen kwal tana sa ƙarfe tsagewa in ya yi ja, shi ya sa Turawa ma ba su iya narka ƙarfe da shi sosai ba sai da Abraham Darby ya yi amfani da gasasshensa a 1709. Mai zubin tukwane, da yake alminiyom na narkewa a digiri 660 cikin mazubi, zai iya gwada kwal da fanka, a fili, iska na kore hayaƙin daga unguwa.

Mai ƙona bulo ko farar ƙasa, da mai tukunyar tururi da ke ci dare da rana a bayan gari: nan ne kwal ke iya biya, in akwai mai kawowa da takarda, da alkawarin mota ta biyu da ta uku. Mai gyaran shinkafa ya fara ƙare ɓuntunsa tukuna.

Shi kuwa ƙanena, tandarsa irin ta bulo ce da ake hura wuta a ciki, a kwashe garwashi, a jera burodi a inda wutar ta tashi. Na ce masa irin wannan ba ta kwal ba ce, bangon zai sha warin, burodin ya ɗauka. In yana son kwal sai ya gina wata mai ɗakin wuta daban, da raga da dogon bututu, ga shi kuma gidajen mutane sun kewaye shi ta ko'ina. Muka yi lissafin ginin da na mota guda, ya yi shiru. Da zai tashi ya ce, "To Yaya, bari in fara gyara ƙofar tandar, zafi na zurarewa ta nan, in kuma sayi itacen damina tun yanzu." Ledar kwal ɗin ya bar mini ita, tana nan kan taga.